Ina Sauran Yaran Suka Shiga?

Kowace shekara, idan lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zo, Ma'aikatun Ilmi na jihohin Arewa sukan ba da sanarwar yawan yaran da aka ɗauka aji ɗaya na sakandare. A buga a jarida, a faɗa a rediyo, kowa ya yi murna. Amma da wuya a ji wata ma'aikata ta fito bayan shekara shida ta ce, daga cikin yaran nan da aka ɗauka ga adadin waɗanda suka zauna jarrabawar ƙarshe, ga kuma inda sauran suka shiga. Manomin da ya san kwano nawa ya shuka, amma bai ƙirga dami nawa ya ɗaure ba, ba zai taɓa sanin ko nomansa ya yi riba ba. A ganin wannan jarida, lokaci ya yi da za a riƙa auna kowace makarantar sakandare da yawan yaran da suka kammala ta.

In an dubi tarihin ilmi a ƙasar nan, za a ga cewa manyan shirye-shiryen gwamnati duk sun fi mai da hankali ne ga ƙofar shiga. Cikin Satumban 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun zo. Cikin 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4. Ran 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, kuma dokar da aka kafa masa cikin 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Dokar ta ware wa shirin kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya. Har hukunci ta tanada ga uban da ya ƙi sa ɗansa: jan kunne a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu.

To, amma dokar nan a aji uku ta tsaya, kuma nan ne ake asarar yara masu yawa. Ƙananan sakandare sun bazu cikin ƙauyuka, alhali manyan ba su kai su yawa ba, galibinsu kuma suna manyan garuruwa. Yaron da ya saba takawa zuwa makaranta da ƙafa, yanzu sai ya nemi kuɗin mota kullum, ko ya nemi gidan da zai zauna. Ga kuɗin tufafin makaranta da littattafai, ga 'yan kuɗaɗen da ake karɓa da sunaye iri-iri ko a jihohin da suka ce karatu kyauta ne. Magidancin da ke da 'ya'ya bakwai yakan zauna ya yi lissafi, ya ce wanda ya gama aji uku ya sami rabonsa, a bar wa ƙannensa.

Abin da magidancin nan bai sa cikin lissafinsa ba shi ne, takardar ƙaramar sakandare ba ta buɗe ƙofar kirki ko ɗaya. Babu jami'a ko kwalejin horon malamai ko makarantar koyon aikin jinya da za ta dubi mai ita. Aikin ɗan sanda da na soja suna neman takardar babbar sakandare. Tsarin Mulkin 1999 ma ya ce mai neman kujerar majalisa, ko ta gwamna, ko ta shugaban ƙasa, sai ya yi karatu har matakin kammala sakandare ko makamancinsa. Jihar da 'ya'yanta ke tsayawa a aji uku za ta ci gaba da neman malaman kimiyya da ungozomomi daga wasu wurare, ta kuma riƙa kukan cewa ba a cika mata gurbinta a ma'aikatun tarayya ba.

Ba a rana ɗaya yaro ke barin makaranta ba. Yakan fara ne da fashin ranar kasuwa. Damina ta faɗi, ya yi mako biyu a gona. Wani ya sami aron babur ya gwada acaba, ya ga kuɗi a hannunsa da yamma. Wata kuma talla ke riƙe ta har a tashi daga darasi na biyu. Ranar da ya komo aji sai ya tarar an wuce shi, malami ya yi tambaya ya kasa amsawa, a yi masa dariya ko bulala, gobe kuma ba a gan shi ba. Duk wannan yana rubuce cikin rajistar aji, in har ana kiran suna. A da malamin aji kan kira suna safe da rana, in yaro ya yi fashin kwana uku a aika gidansu, in abin ya faskara a kai magana gaban mai unguwa. Yau a makarantu da dama rajistar tana nan, bin sawun ne aka bari.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya, wasu yaran ba talauci ne ya kore su ba, zaman banza a aji ne ya gundure su. Cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da aka tsara daidai da 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin makin da aka yanka. Yaron da ya fito daga hannun irin waɗannan malamai yakan iso sakandare bai iya karanta shafi guda ba, sai a kafa masa allo cike da Turanci a ce ya kwafa. Tsarin 6-3-3-4 an yi shi ne don yaro ya koyi sana'a tare da boko, amma injinan da aka sayo daga ƙasashen waje cikin shekarun 1980 da yawansu cikin akwatuna suka ruɓe, don babu lantarki, babu ɗakin kafa su, babu mai koyarwa. Saurayi ɗan shekara goma sha shida da ke ganin sa'ansa a garejin makaniki yana kwance inji yana ɗaurawa, ba zai daɗe a ajin da ba a taɓa komai da hannu ba.

Sha'anin 'yan mata ya fi tsanani. Nisan hanya, da rashin makewayi mai sutura, da ƙarancin malamai mata, kowanne ya isa ya sa uba ya ce a zauna gida, daga zaman gida kuwa sai aure. Rashin tsaro ya zo ya ƙara dagula al'amarin. 'Yan mata 276 da aka sace a Chibok cikin Afrilun 2014 sun taru ne don jarrabawar ƙarshe. Bayansu aka kwashi 110 a Dapchi cikin 2018, da yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021. Duk lokacin da haka ta faru akan rufe makarantun kwana na watanni, kuma ba duk wanda ya tafi gida ke komowa ba. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2020 da dala miliyan 500 don jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Barno, ya kama hanya, domin yana gina manyan sakandare kusa da gida yana kuma tallafa wa iyaye. Sai dai kuɗin rance ne, ranar ƙarewarsa na zuwa.

Wanda ya tsallake duk waɗannan ramuka, sai ya iske na ƙarshe a aji shida, watau kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. An sha ganin gwamnatocin jihohi sun yi alkawarin biya ba su biya ba, hukumomin jarrabawa su riƙe sakamako, yara su rasa shiga jami'a a shekarar. Wannan tufka da warwara ce.

Saboda haka wannan jarida tana ba da shawara kamar haka. Na farko, kowace Ma'aikatar Ilmi ta riƙa buga wa jama'a, makaranta bayan makaranta, yawan waɗanda aka ɗauka da yawan waɗanda suka kammala, maza daban mata daban, a kuma yi la'akari da wannan wajen ƙarin girman shugabannin makarantu. Na biyu, a farfaɗo da bin sawu: fashin mako guda, malamin aji ya taka zuwa gidan yaro, fashin mako biyu, a sanar da mai unguwa ko dagaci. Wannan ba ya bukatar kwangila. Na uku, cikin Fabrairun 2025 Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya kawo shawarar a mai da karatun dole shekara goma sha biyu. Babu abin da ya hana majalisar kowace jiha ta yi tata dokar, muddin za ta ware kuɗin da zai ɗauki nauyinta, ta kuma sa kuɗin jarrabawa cikin waɗanda ake fitarwa kafin kome. Na huɗu, a buɗe wa wanda ya fita hanyar komowa, har da matan aure, ta azuzuwan yamma da makarantun mata, a kuma keɓe zangon farko na aji ɗaya don gyara karatu da lissafin waɗanda suka iso da rauni.

Ma'aikatan gwamnati su tuna cewa takardar albashin malami ko ta kuɗin abincin 'yan kwana da ta yi wata uku a kan tebur, wani yaro ne take korowa gida. Su kuma ɗalibai, kowa ya san abokinsa da aka daina gani a aji, ya kuma san gidansu. Kada ya jira sai an ɗaura mata aure, ko ya tafi ci-rani, sa'an nan ya gaya wa malami.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da aka ɗauka aji ɗaya bana, sunayensu na nan cikin rajista. Bayan shekara shida jama'a na da haƙƙin a kira musu sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, a gaya musu inda kowane yaro yake. Allah ya ba hukuma ikon cika wannan amana.