DAGA BAKIN ALLO: Uwar Garke Tana Bukatar Makiyayi

A wannan wata zan ɗan jingine zancen tarbiyyar yara, in ba ku labarin wani akwati da ya hana ni barci mako biyu cur a watan Afrilun bara.

Shekara huɗu ke nan da wani tsohon ɗalibinmu, wanda Allah ya buɗa masa a fannin kwamfuta, ya yi wa makarantarmu alheri. Ya kawo kwamfuta ya girke a ƙuryar ofis, ya zuba mata Linux da Apache, ya buɗe mana shafi a intanet. A cikinta muke ajiye sunayen yara da makinsu na kowane zango, iyaye kuma suna duba sanarwa ta wayarsu. Irin wannan kwamfuta ita ake kira sabar, wasu kuma suka raɗa mata uwar garke, don ita sauran ke bi. Aikinta ɗaya ne: duk wanda ya ƙwanƙwasa, dare ko rana, ta miƙa masa shafin da ya nema. Da yaron ya sami aiki a Duwala, shugaban makaranta ya dube ni ya ce, "Malam, tunda kai ne mai lissafi, ga amana." Na karɓa ban tambayi abin da ke cikinta ba.

Sabar farko ta irin waɗannan shafuka, Tim Berners-Lee ne ya kafa ta a cibiyar CERN kusa da Janiba a 1990, har ya manna mata takarda yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. To, mu nan Garwa ba sai mutum ya taɓa ba. Wutarmu ta arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma kowa ya san yadda ake rabon wuta idan ruwa ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage wahala, amma ba su rage zafin Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'auni kan haura 40. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fankar cikin na'ura.

Ran wata Litinin na danna, shiru. Faifan ajiya ya mutu, makin zango biyu yana ciki. Na nemi kwafi, ashe babu wanda ya taɓa yi. Allah ya taimake mu yawancin malamai ba su yar da rajistar takarda ba, muka zauna muna sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Aji guda kuwa malaminsu ya riga ya sallama wa na'ura komai. Sai da muka bi gida gida muna roƙon iyaye takardun sakamakon da aka ba 'ya'yansu. Kunyar da na ji a ƙofar wani dattijo a Hausare ba na fatan in sake jin irinta.

Muna cikin wannan sai shafin kansa ya ɓace. A nan na koyi cewa sunan shafi haya ce, kamar rumfar kasuwa, ana sabuntawa shekara shekara. Sunayen da suka ƙare da .cm suna ƙarƙashin kulawar hukumar ANTIC ne. Namu an yi rajistarsa da sunan yaron, takardar tuni kuma tana zuwa akwatin saƙonsa da ya daina buɗewa, lambar wayarsa ta canja. Ta hannun mahaifiyarsa muka same shi. Da mun ƙara jinkiri, wani yana iya saye sunan, ya kafa abin da ya ga dama da sunan makarantarmu.

Wani zai ce, ai sai ku kama hayar sabar a Turai ku huta. Gaskiya ne, can akwai wuta da sanyi. Sai dai a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVH a birnin Sitirasbur na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar da ba ta dawowa. Hanyarmu ta zuwa can ma doguwa ce. Saƙo yakan bi waya daga Garwa har bakin teku, sannan ya shiga igiyoyin ƙarƙashin ruwa, irin SAT-3 da ta sauka a Duwala a 2002, ko SAIL da ta haɗa Kiribi da Fortaleza ta Barazil a 2018. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi da dama suka tsinke a tekun yammacin Afirka, ƙasashe da yawa suka kwana cikin tangarɗa. Saboda haka muka raba ƙafa. Shafin sanarwa muka kai shi haya, makin yara kuwa yana nan cikin makaranta, inda malami zai shiga ko da intanet ko babu.

Abin da ya sa na kawo zancen nan shi ne, na ga ƙungiyoyinmu na Hausawa da makarantun Islamiyya sun fara buɗe shafuka, suna zuba hotunan magabata, tarihin unguwanni da lissafin kuɗin taimako. Mu da muke tsiraru a ƙasa, idan waɗannan suka salwanta, wa zai sake tattara mana su? Don haka ga abin da wuya ta koya mini.

A yi rajistar suna da sunan ƙungiya, a rubuta ranar sabuntawa a inda ma'aji zai gani. Kalmar sirri kada ta zauna a kan mutum ɗaya. Mutum biyu su sani, a kuma rufe ta cikin ambulan a ajiye wurin shugaba. A riƙa yin kwafi duk mako, ɗaya ya kwana a wani gida daban, kuma lokaci lokaci a gwada buɗe shi, don kwafin da ba a gwada ba alkawari ne kawai. A sa wa na'ura batirin da zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke, a ɗaga ta daga ƙasa, a kakkaɓe ƙura. A riƙa sabunta manhajarta, domin ɓarayin intanet tsohuwar ƙofa suke nema. Takardar shaidar da ke sa ɗan kwaɗon nan ya fito a gefen adireshi, Let's Encrypt tana bayarwa kyauta, amma wa'adinta gajere ne, sai a saita ta ta riƙa sabunta kanta. Duk abin da aka taɓa kuma a rubuta a littafi, saboda mai zuwa baya.

Tun 2022 muna da jami'a a nan Garwa, bayan ta Ngaundere da ta Marwa. Mu tura 'ya'yanmu maza da mata su koyi wannan aiki, amma idan sun girka mana, kada mu bar su su tafi sai sun koya wa mutum biyu. Ni yanzu duk ranar Juma'a kafin in tafi masallaci nake ɗaukar kwafi, ina da ɗalibai biyu da ke tsayawa suna kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.