Me Ya Sa Ƙibar Da Aka Rage Da Azumi Take Dawowa Bayan Sallah?

Kowace shekara idan watan Ramadan ya yi nisa, akan ji mutane suna murnar cewa wando ya fara yi masu yawa, tumbi ya ja baya, kuma hawa bene ya daina sa su haki. Amma kafin a kai Layya sai a tarar komai ya koma yadda yake, wani ma har da ƙari. Masu bincike da suka tattara awon nauyin masu azumi daga ƙasashe daban-daban sun tabbatar da haka. Sun ce a matsakaici mutum kan rage abin da ya ɗan haura kilo 1 a cikin watan, kuma mafi yawansa kan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah. Idan aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce, wai mai ƙiba ba shi da ƙarfin zuciya, kwaɗayi ne ya fi ƙarfinsa. To, wannan amsa ba daidai ba ce, kuma tana cutar da bayin Allah masu yawa.

Mai yiwuwa wani ya ce, a lokacin da gidaje da dama ba sa iya ɗora tukunya sau uku a yini, wa ke ta ƙiba? Gaskiya ne akwai yunwa, amma ƙiba da cututtukan da take jawowa ba su tsaya a gidajen masu hali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Abin da ke biye da ita sananne ne, wato ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon gwiwa da shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sukari ya san cewa cuta ce mai cinye jari, ta hana magidanci fita nema, wani lokaci har ta kai ga yanke ƙafa.

Abin tambaya a nan shi ne, mutumin da ya iya kame bakinsa daga fitowar alfijir har faɗuwar rana, cikin zafin Sakkwato ko na Maraɗi, kwana 29 ko 30 a jere, ga randa a gabansa kuma babu mai ganinsa sai Allah, ta yaya za a ce ba shi da ƙarfin zuciya? Lalle imani da niyya su ne tushe. Amma mai karatu ya lura da irin katangar da watan ke ginawa a kewaye da wannan niyya. Lokacin ci a ƙayyade yake, ba a shawara a kansa. Gari duka yana azumi. Yawancin masu sayar da abinci sun rufe da rana, kuma babu abokin da zai ce "bismillah" da azahar. Bayan 'yan kwanakin farko jiki ma ya saba. Ranar Sallah sai a rushe katangar baki ɗaya, a bar niyya ita kaɗai a fili, tana kokawa da kowace kwalbar lemo da kowane tiren fanke. Ba mutumin ne ya canja ba. Tsarin da ke riƙe da shi ne ya tafi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bayanin wannan. A wani bincike da Wendy Wood da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2002, an sa mutane su riƙa rubuta abin da suke yi kowace awa. Sai aka gano kimanin kashi 43 cikin 100 na ayyukansu abubuwa ne da suke maimaitawa kusan kullum a wuri guda, galibi hankalinsu yana wani wajen. A 2011 kuma suka raba wa masu kallo a gidan siliman gugguru, wasu sabo, wasu wanda ya kwana bakwai ya yi laushi. Waɗanda suka saba cin gugguru a siliman sun ci tsohon kamar yadda suka ci sabon, alhali sun ce ba daɗi. Da aka maimaita gwajin a ɗakin taro, sai suka rage cin tsohon. Wato wurin ne ke tura hannu zuwa baki, ba yunwa ko daɗi ba. Bahaushe ya riga ya faɗa, sabo turken wawa.

Sannan shi kansa jiki ba ya sakin kitsensa cikin ruwan sanyi. A birnin Melbon na ƙasar Ostareliya an sa mutum 50 a tsarin rage abinci mai tsanani na mako 10, suka zubar da kilo 13 da ɗoriya a matsakaici. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan haka, sinadaran da ke ta da yunwa a jikinsu suna nan sama da yadda suke a da. Haka kuma a 2016 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya bi sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. Sun zubar da kilo 58 a matsakaici, amma bayan shekara 6 kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 a yini ƙasa da abin da ake tsammani ga mai irin nauyinsu. Waɗannan mutane sun nuna juriya a gaban miliyoyin masu kallo. Abin da ya ka da su shi ne, horon yunwa ba abu ne da ɗan Adam zai dawwama a kai ba.

Ga kuma irin abincin da ya cika shaguna. Shi dai wannan Kevin Hall, a 2019, ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike na mako 4. Mako 2 ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa ƙwarai, mako 2 kuma abincin da aka dafa daga kayan gona, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 kullum, suka ƙara kusan kilo 1, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo 1. Mutanen ɗaya ne, zuciyarsu ɗaya, abin da aka ajiye a gabansu ne ya bambanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya cinye wannan kaso duka, ba a zo ga shayin safe da kunu da zoɓo ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Nijeriya ta sanya wa irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021 bai hana su zama abin tarbar baƙo a kowane gida ba.

Wannan ba yana nufin niyya da danne zuciya ba su da amfani ba ne. Suna da shi, sai dai a san inda za a kashe su. Ya fi sauƙi mutum ya yi jarumta sau ɗaya a kasuwa, ya ƙi sayen katan ɗin lemo, da ya yi ta sau ashirin a gaban firji. Aikin niyya shi ne ta kafa sabo, sabon kuma ya ɗauki nauyin sauran tafiyar. Phillippa Lally ta jami'ar Landan ta bi mutum 96 da suka zaɓi sabuwar ɗabi'a guda, kamar cin 'ya'yan itace tare da abincin rana. Binciken da ya fito a 2009 ya nuna cewa a tsaka-tsaki ana ɗaukar kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma kuskuren rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ke nan watan azumi mafari ne mai kyau, amma kwana 30 ba su isa ba ga yawancin mutane. Wanda ya zame ranar biki kuma kada ya ce shi ke nan, ya ci gaba washegari.

Musulmi yana da wata dama da wasu ba su da ita, domin an riga an raba masa yininsa da salloli biyar, kuma sabuwar ɗabi'a ta fi kamawa idan aka ɗaura ta a jikin tsohuwa. Mai zuwa masallacin unguwa a kan babur ya koma tafiya da ƙafa. Bayan Asuba ya ƙara zagaye na minti 20 ko 30. Ya rage cokali ɗaya na sukarin shayi, bayan mako biyu ya sake rage ɗaya, harshe zai saba. A sha ruwa a maimakon lemo lokacin cin abinci. A rage malmalar tuwo, a ƙara zogale, rama, alayyahu, kuɓewa da wake, waɗanda duk suna nan a kasuwar ƙauye. A ci na dare da wuri, a daina tsiren bayan Isha'i kullum. Shiryarwar Manzon Allah (S) ta raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi ma'auni ce ta kowace rana, ba ta Ramadan kaɗai ba. Mai ciwon sukari ko wanda ke shan magani kuwa, tilas ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara azumin nafila ko ya sauya abincinsa.

Kada a raina waɗannan ƙananan matakai. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka buga a 2002, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da cutar ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, abin da ake magana bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. Yau da gobe ke sa allura ta haƙa rijiya.

Daga ƙarshe, wannan aiki na gida ne da na jama'a. Maigida ne ke cefane, uwargida ke riƙe da ludayi, yara kuma abin da suka tashi suka gani shi za su ɗauka. Muddin ana kallon tumbi a matsayin shaidar arziki, ana yi wa siririyar amarya gorin cewa miji ba ya ciyar da ita har ta kai ga shan ƙwayoyin "sha ka fashe", ana tilasta wa baƙo ya cinye kwano don kada a ce ya raina, to niyyar mutum ɗaya za ta sha wuya. Haka nan masu yi wa mai ƙiba dariya su ji tsoron Allah, domin gori bai taɓa rage wa kowa ko kilo ɗaya ba, sai dai ya tura shi hannun masu tallar shayin rage tumbi su cinye masa kuɗi. 'Yan majalisa da ke ciyayya kullum su fara da kansu, su cire lemo daga kan tabarma, su sa lokacin tattaki tare. Jiki amana ce, kuma da shi ake ruku'u da sujada da neman halal. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kare masu ita, amin.