Ɗamarar Zama Ko Ta Ƙugu: Wacce Ta Dace Da Mai Koyon Zamiya Da Laimar Iska?

A garin Tarifa da ke kudancin Sifen, da Dakhla a Yammacin Sahara, da kuma Cape Town ta Afirka ta Kudu, akwai wani wasa da ake yi a kan teku wanda iska ce ke jan mai yinsa. Ɗan wasa yakan tsaya a kan wani ɗan allo, sama da shi kuma ga wata babbar laima tana shawagi, an haɗa ta da jikinsa da igiyoyi huɗu ko biyar masu tsawon mita 20 zuwa 27. Laimar da aka fi amfani da ita a yau ta samo asali ne daga wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, waɗanda suka yi rajistar ƙirƙirarsu a shekarar 1984, wato laima mai bututun da ake hura wa iska don kada ta nutse idan ta faɗa ruwa. Wasan ya bunƙasa har aka shigar da shi gasar Olamfik ta shekarar 2024, aka yi tserensa a tekun Marseille.

To, a cikin kayan wannan wasa akwai guda ɗaya da ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa a kansa dukkan ƙarfin iskar yake sauka. Wannan shi ne ɗamarar da ɗan wasa yake ɗaurawa a jiki, mai ƙugiyar ƙarfe a gaba, inda ake maƙala igiyoyin laima. Sandar da yake riƙe da ita a hannu ta sarrafawa ce kawai, tamkar linzami a hannun mahayi. Ɗamarar iri biyu ce. Akwai ta ƙugu, wadda ake zagaya ta tsakanin haƙarƙari da ƙashin kwatangwalo kamar faffaɗan bel. Akwai kuma ta zama, wadda take rungume mazaunai, tana da maɗaurai biyu da suke bi ta tsakanin cinyoyi kamar bante. Masu wasa sun daɗe suna jayayya kan wadda ta fi, kuma galibin matasa ta ƙugu suke so. Amma idan aka auna al'amarin da ma'aunin kimiyya, ta zama ce ta dace da mai koyo, kuma malamin da ya ɗaura wa sabon ɗalibi ta ƙugu don kawai ita ake yayi bai kyauta masa ba.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san yawan ƙarfin da ake magana a kai. Nauyin iska a bakin teku ya kai kimanin kilogiram 1.2 a kowane mita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya. A ɗauka iska tana kadawa da gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a sa'a, laimar kuma faɗinta murabba'in mita 12 ne. Idan aka ɗauki rabin 1.2 aka ninka da gudun iska sau biyu, sa'an nan aka ninka da faɗin laimar, za a sami niyuton 720. Wannan ƙiyasi ne, domin siffar laimar da yadda aka karkata ta suna ƙara shi ko su rage, amma ya nuna cewa jan ya yi kusa da nauyin babban mutum mai kilogiram 70. Abin lura a nan shi ne gudun iska sau biyu yake shiga lissafin. Saboda haka idan guguwa ta taso gudun ya ninka, jan zai koma ninki huɗu. Haka kuma idan laimar ta sheƙa a guje daga wannan gefe zuwa wancan, iskar da take karo da ita takan fi wadda ake ji a ƙasa, jan ya ƙaru nan take. Babu hannun da zai jure wannan na minti goma.

Daga nan sai a duba inda jan yake fuskanta, domin a nan ne bambancin ɗamarun biyu ya fito fili. Gwani yakan saukar da laimarsa ƙasa-ƙasa, ta yi kusurwar digiri 30 ko 40 da fuskar ruwa, ya jingina baya ya kafa gefen allonsa. Shi kuwa mai koyo, tsoro da rashin sabo sukan sa ya bar ta can sama, sau da yawa ma a saitin kansa, yana tsaye cikin ruwa yana laluben allo. Ɗalibin da ya san lissafin kusurwoyi zai iya raba jan gida biyu da kansa. A digiri 30, rabin ƙarfin ne kacal yake ja sama, wato niyuton 360 daga cikin 720. A digiri 60 abin ya haura niyuton 620. Idan laimar ta tsaya a tsakiyar kai, dukkan abin da take ja sama yake yi.

Ɗamarar ƙugu ba ta da abin da zai hana ta bin wannan ja sai matsewarta da kuma siffar jikin mai ita. Ga ruwa yana sa santsi, ga rigar roba da ake sawa don sanyi. Kafin a jima sai a ga ɗamarar ta zame ta hau ƙirji, ƙarfen da ke riƙe da ƙugiya ya tokare haƙarƙari na ƙasa, wani lokaci ma ta kai hammata. Haƙarƙari kuwa an halicce su ne su buɗe su rufe da kowane numfashi. Mutumin da ke haki cikin ruwan gishiri, raƙuman ruwa suna dukan fuskarsa, shi ne mafi buƙatar ƙirji sakakke. Wanda kuma ya ce zai magance zamewar ta hanyar ƙara tamke ɗamarar, ya gudu ne bai tsira ba, don kuwa cikinsa ya matse ke nan. Ƙujewa da ciwon haƙarƙari sanannun abubuwa ne a wurin masu koyo da irin wannan ɗamara.

Ita ta zama, maɗauran cinya sun hana ta hawa ko da laimar tana ina. Nauyin yana sauka ne a kan ƙashin kwatangwalo, wanda aikinsa ke nan tun asali, ɗaukar gangar jiki. Daɗin daɗawa, ƙugiyarta tana ƙasa da cibiya, kusa da wurin da masana suke kira cibiyar nauyin jiki, wadda take cikin kwatangwalo, a tsayin da ya ɗara rabin tsawon mutum kaɗan. Duk wanda ya taɓa tura doguwar randa ya san cewa in ya tura ta wuya za ta kife, in ya tura ta ciki sai ta ja da baya a tsaye. Haka jikin ɗan wasa yake: ƙafafunsa a kan allo su ne madogara, kuma duk yadda ƙugiya ta yi nisa da su, haka jan yake samun damar kifar da shi rubda ciki. Tazarar da ke tsakanin ƙugiyoyin biyu ba ta wuce taƙi ɗaya ba, amma taƙi ɗaya a jikin sanda mai tsawon mita guda ba abin rainawa ba ne.

Akwai kuma batun kai hannu, wanda ya shafi rai kai tsaye. A gaban ƙugiya akwai wani makulli na gaggawa da ɗan wasa yake turawa ya saki laimar idan iska ta fi ƙarfinsa. Muhimmancinsa ya sa hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar masa da ƙa'ida ta musamman a shekarar 2020. Malami yakan sa ɗalibi ya yi ta maimaita tura shi a kan yashi har hannunsa ya haddace wurin. Amma in ɗamara ta zame daga ciki zuwa ƙirji, makullin ya bar inda hannu ya san shi, sandar sarrafawa ma ta ƙara nisa. Yara da masu gajerun hannuwa su suka fi shan wahalar wannan, shi ya sa makarantun koyar da wasan da yawa suke ajiye ɗamarar zama don darussan farko.

Ba a ce ta ƙugu ba ta da amfani ba. Tana barin cinyoyi sakayau, tana kuma iya juyawa kaɗan a jiki, abin da mai hawan raƙuman ruwa yake so idan ya juya wa laimarsa baya. Masu tsalle da wulƙitawa a sama, irin waɗanda ake gani a gasar Cape Town, ita suke ɗaurawa, kuma suna da hujja. An kuma ƙera masu taurin baya waɗanda ba sa lanƙwashewa su matse ciki. Ita ma ta zama tana da nata aibin: maɗauranta sukan goge matsematsi, tafiya da ita a kan yashi babu daɗi, kuma takan koya wa malalacin ɗalibi tsugunno a kan allo maimakon ya miƙe ƙafa ya tura kwatangwalo gaba. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, sai dai gyaransa yana bakin malami.

Hujjar da ta fi yawo a gaɓar teku kuwa ba ta kimiyya ba ce ko kaɗan. Matasa sukan yi wa ɗamarar zama ba'a, su ce ƙunzugun jarirai ce, ko kuma ta tsofaffi masu ciwon baya. Abin dariya a nan shi ne, masu tseren da suka fi kowa gudu su ne suka fi riƙo da ita. A tseren Olamfik na 2024, wanda Valentin Bontus na Ostiriya ya lashe a ɓangaren maza, Eleanor Aldridge ta Birtaniya kuma a ɓangaren mata, alluna masu fiffike a ƙarƙashin ruwa aka hau, ana gudun da yakan wuce kilomita 60 a sa'a. Masu irin wannan tsere ɗamarar zama suka fi ɗaurawa, domin suna so su riƙe laima mafi girma da jikinsu zai iya, su sauke dukkan nauyinsu a kan igiya ba tare da ta ɗaga su ba. Dalilin da ya sa ta dace da su shi ne dai dalilin da ya sa ta dace da ɗalibin ranar farko.

Siffar jiki ma tana da ta cewa. Mai faffaɗan ƙirji da siririn ƙugu, ɗamarar ƙugu takan sami wurin tsayawa a jikinsa. Mai tumbi, da siririn yaro wanda jikinsa ya miƙe sambal kamar kara, babu abin da zai tare ta. Saboda haka ba a sayen ɗamara da ido. Shagunan kirki sukan rataye igiya a rufi don mai saye ya maƙala ƙugiya ya jingina da dukkan nauyinsa, a ja ta gaba, a ja ta sama. Idan bayan minti biyu ƙarfen ya taɓa haƙarƙari, ko mutum ya kasa jan numfashi har ciki, sai ya cire ta ya nemi mai maɗaurin cinya. Ranar da ya iya tafiya yana fuskantar iska, laimarsa tana ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube ta ba, yana iya komawa ya sake gwada ta ƙugun.