Kafin a biya kuɗin gida a Gudel

Gida a bakin kogin Isa abin sha'awa ne da rani, amma da damina ake sanin gaskiyarsa. A Satumban 2020 ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya wuce matakin haɗari na mita 6.20, unguwannin bakin kogi suka sha wuya. Galibin wannan jan ruwa daga kogunan Sirba da Dargol da Goruwal yake kwararowa, ko da ba a yi ruwan sama a unguwar Gudel ba.

Mai saye ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a bango. Kada ya ɗauka inshorar gobara ta haɗa da ambaliya. Ya nemi a rubuta masa abin da ta ƙunsa a takarda. Muna kira ga magajin gari ya kafe taswirar wuraren da ruwa ke ci, kowa ya gani.