A fara ƙirgar malam-buɗe-littafin dare tun kakar bana

Duk kaka, sai an zo ɗaurin dami manomin Buza ko Keita ke ganin aikin murzuna: zangarniya ta sha sassaƙa, rumbu bai cika ba. A lokacin tsutsar ta riga ta shige ƙasa, sai damina ta fito da fukafukai ta zuba ƙwai a kan sabon gero.

Malam-buɗe-littafin dare ne ke haifar ta, kuma haske na janyo shi. Fitilar sola, kwanon ruwan sabulu da littafin rubuta adadi kowace safiya sun isa a gane ranar da ya fara yawa. Wannan ranar malaman gona ke nema, domin ƙwarin da cibiyar INRAN ta Maradi ke kiwo don kashe tsutsar ba sa amfani sai an sake su a kan kari.

Ya kamata matasan Madawa su fara koyon ƙirgar yanzu a garaken tumatir na fadamar Tarka, don ɗan'uwansa ne ya cinye tumatirin Kano a 2016. 'Yan ci-ranin Abijan da Libiya masu aiko kuɗin maganin feshi kuma, su haɗa da na fitila.