Hunturu Ya Kama, Ina Gudumar Maigida?

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe garuruwanmu da hazo. Jiragen sama su kasa sauka a Kano da Maiduguri, leɓɓa su tsage, ƙafa ta yi faso, yara su kama tari da mura, da asuba kuwa jaura ta hana mutum sakat. Wannan kowa ya sani, domin ita ce hirar majalisa da ta ofis. Abin da aka daina magana a kansa shi ne, a wurin iyaye da kakanni hunturu lokaci ne na gyaran gida, kuma maigida da iyalinsa su ne ma'aikatan farko. A ganina, mu da muka yi boko muka kama aikin albashi mu ne muka fi kowa sakin wannan al'ada, kuma mu ne muka fi kowa jin jiki a kan sakinta.

Ba haka kawai magabata suka zaɓi wannan lokaci ba. An gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, hannu ya huta daga fartanya, ga ciyawa da kara a wadace, ga shi babu fargabar hadari. Sai a haƙo ƙasa a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a yi tubali, a yaɓe katangar da damina ta zaizaye, a duba azara, a sake yaɓen soro, a gyara indararo. Azarar nan daga giginya ake tsaga ta saboda gara ba ta cika cin ta ba. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke ƙara wa daɓe da bango ƙarfi. Masu hali kuwa sukan sa a yi musu laso, wato haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Mata su ma da nasu fagen: su kira gayyar daɓe, a taru da madaɓai ana waƙa, sannan a shafe ɗaki da farar ƙasa, a sake jere. Kafin azahar an gama abin da mutum ɗaya zai kwana bakwai yana yi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sana'ar ƙauye ce da ba ta da daraja. Da wannan ƙasa da wannan azara Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ginin da masana suka daɗe suna nazarin bakan gizonsa. A Jamhuriyar Nijar, masallacin garin Yama da magini Falke Barmu ya jagoranci gininsa ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, tsohon birnin Agadas kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Sirrin irin waɗannan gine-gine ɗaya ne da na ɗakin talaka: ana waiwayarsu a kai a kai, ba a jira sai sun rushe.

To, me ya same mu? Mun koma gidan bulo da kwano, muka ɗauka cewa siminti ya yafe mana gyara har abada. Alhali kuwa katangar ƙasa mai kauri takan sha zafin rana da yini ta saki ɗumi da dare, shi ya sa soro ke da ɗumi a hunturu da sanyi a bazara. Bulo mai rami da rufin kwano, musamman inda babu silin kirki, akasin haka suke yi: sanyi ya shigo da wuri, zafi ma ya shigo da wuri. Ke nan gidan zamani ya fi na gargajiya bukatar kulawa ta wannan fuska. Sai dai kash, maigidan zamani, likita ne ko lauya ko darakta, in ƙusa ta fita daga ƙyaure sai ya nemi lambar kafinta. In kafinta bai zo ba, ƙyauren ya shekara yana lilo. Mun mai da riƙe guduma abin kunya, kamar takardar digiri ta haramta wa hannu taɓa ƙura.

Wannan girman kai yana da tsada. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Tsagar da za a toshe yau da rabin bokitin kwaɓi, in aka bar ta ta sha ruwan damina biyu, sai an nemi birkila da lebura da buhuna. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ruwa ne ƙadangaren. Ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutum sama da 600 a faɗin Nijeriya, ta fi ƙarfin kowane magidanci, amma kowace damina akwai ɗakunan da ke rufta wa masu barci ba tare da wata ambaliya ba, don kawai gindin katanga ya jiƙa, ko indararo ya toshe, ko kwata ta cika da leda. Yawancinmu muna da irin waɗannan ɗakuna a gidajen da aka haife mu, inda tsofaffinmu ke kwana har gobe.

Ayyukan da nake nufi ba masu wuya ba ne. Maigida ya zagaya gidansa ranar Asabar da takarda da biro. Ya duba tagogi, inda gilashi ya fashe ko ya zame a sauya, inda akwai kafa a cusa soso ko tsumma mai tsabta. A ƙarƙashin ƙofa a kafa guntun roba, ko a ɗinka doguwar jaka a cika ta da yashi a tare wurin, domin ta nan ƙura da sanyi suka fi shigowa. A rataya labule mai kauri, a shimfiɗa tabarma ko darduma a kan tayil, tun da sanyin ƙasa ya fi cutar da yaro mai rarrafe da tsoho mai ciwon gaɓɓai. A wanke ragar sauro ta taga, a share bayan silin inda hannu zai kai, a kwashe kwata tun tana bushe. Wanda zai yi ɗan aikin siminti ya tuna cewa iskar hunturu tana busar da shi kafin ya kama, don haka sai an riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, in ba haka ba ya tsattsage. Fenti kuwa a fara da na cikin ɗaki, a goge bango da ɗanyen tsumma tukuna, na waje a jira ranar da hazo ya lafa.

Amma akwai gargaɗin da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Toshe hanyar ƙura daban, toshe hanyar numfashi daban. Kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan sa mutum barcin da ba ya tashi. Haka hayaƙin janareta in aka ajiye shi a baranda ko kusa da taga. Garwashi a fitar da shi kafin a kwanta, janareta a yi masa ɗan ɗaki can nesa da inda ake kwana. A kuma bar wata kafa ta sama a buɗe, domin cunkoso a ɗaki marar iska, ga ƙura da bushewar maƙogwaro, yana daga cikin abin da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa a rani. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta ci rai sama da 11,000 a ƙasar nan, ba sa bukatar a tuna musu. Sannan hunturu lokacin gobara ne, kome ya bushe ga iska. Hitar dafa ruwa da aka manta a bokiti, da soket ɗaya da aka ɗora wa kaya biyar, sun ƙone gidaje da yawa.

Ta fuskar ado ma muna da abin da za mu waiwaya. Ba dole sai hoton wani birnin Turai da furen roba ɗaki zai yi kyau ba. Faifai masu launi a jere a bango, ƙwarya mai zane, shuɗin marinar Ƙofar Mata a matsayin labule, tabarmar kaba, matashin fata irin na dukawan Sakkwato, duk suna ƙawata falo, kuɗinsu kuma a hannun ɗan'uwa zai tsaya. Dagi da sauran zanen da ake yi a fuskar zaure a Zariya da Kano da Damagaram, yaro mai hannun zane zai iya fitar da shi a bangon tsakar gida da ragowar fenti.

Na san za a ce ma'aikaci ba shi da lokaci. Wanda ke da sa'a uku na kallon ƙwallon Ingila kowane mako bai rasa sa'a biyu ba. Za a ce ai hana masu sana'a abinci ne. Ko kusa. Wayar lantarki, da bututun gas, da hawa rufi, da duk abin da ya shafi ginshiƙin gini, nasu ne, kuma ganganci ne wanda bai koya ba ya sa hannu. Hasali ma maigidan da ya san gidansa shi ke kiran gwani a kan kari, ya kuma gane aikin kirki in ya gani, ya biya shi da daraja. Za a ce kuma gidan haya ne. To, huhun da ke shaƙar ƙurar na mai haya ne, labule da tsumman ƙofa kuwa ba su bukatar izinin kowa.

Babbar ribar tana wurin yara. Hutun makaranta na Disamba yana faɗowa daidai wannan lokaci. Yaron da ya riƙe wa mahaifinsa tsani, ya miƙa masa ƙusa, ya ga an auna an yanke, ya koyi abin da babu shi a jarrabawar WAEC, kuma ba zai tashi yana raina birkila ba. Muna kukan matasa sun ƙi sana'ar hannu, alhali ba su taɓa ganin zarto a hannunmu ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin sanyin nan ya wuce a sayi guduma da ƙusa da buroshi, a leƙa gidan tsofaffi a ga halin da katangarsu take ciki, in da hali a haɗa gayya da maƙwabta a kwashe kwatar layi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya same mu a shirye.