Ƙaramin maɓalli tsakanin kalangu da kwamfuta

Duk wanda ke sauraren waƙoƙin da samarinmu ke fitarwa daga ƙananan situdiyo na Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai lura da abu guda: da wuya ka ji ganga ta gaskiya a ciki. Kalangun da ke tashi a waƙar daga fiyano ya fito, ko daga kwamfuta. Dattawa sukan ce yaran zamani sun raina gargajiya, su kuma yaran su ce kiran makaɗa tsada gare shi. Kowa da gaskiyarsa. Amma akwai dalili na uku da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya shafe mu, mu malamai da iyaye. Da yawa daga cikin yaran da na zanta da su sun taɓa gwadawa. Sun kira mai kalangu, sun kafa masa makirfo, ya buga, da aka zo saurare sai aka ji kamar ana yaga buhu. Daga nan suka yanke cewa kayansu ba sa iya ɗaukar ganga, sai an sayo masu tsada daga waje. A ganina kayan nasu sun isa. Darasi guda ne ya kuɓuce masu, kuma yana cikin littattafan da muke karantar da su a lakwal.

Makirfo ba ya fitar da wuta mai yawa. In mutum na magana a gabansa, abin da ke bin waya bai wuce ƴan milibolt ba, wato kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Kwamfuta ba ta aiki da wannan ɗan mitsitsin abu sai an ɗaga shi ya kai wajen bolt ɗaya. Mai wannan aiki shi ne amfilin farko, wanda ke ɓoye cikin katin sauti ko teburin haɗa sauti, daidai bayan ramin da ake cusa wayar makirfo. Abin murɗawar nan da aka rubuta GAIN a kansa shi ke faɗa masa sau nawa zai ninka, kuma yana iya ninkawa har sau dubu. Wannan ya dace da murya, da gurmi, da sarewa, masu shigowa da sallama.

Ganga kuwa ba ta sallama. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Bugu mai ƙarfi, in makirfo na dab da fata, yana iya haura 130. Wanda bai san desibel ba zai ce ai ninki biyu ne da ɗan ɗoriya. Ina! Kowane desibel 20 ninki goma ne na matsin iska, saboda haka tazarar 70 ɗin nan ta fi ninki dubu uku. Ga kuma irin makirfon da yawancin ƙananan situdiyo ke da shi, mai faffaɗan kai da ake kafa wa mawaƙi, wanda sai an ba shi bolt 48 yake aiki. Saurin ji gare shi. Da yawa daga irinsa suna ba da wajen milibolt 20 a desibel 94. Ƙara 40 ka kai 134, ka ninka sau ɗari: bolt 2 ke nan. Tun kafin amfilin farko ya taɓa sautin, ya riga ya wuce inda ake son a kai shi.

Kowane amfili yana da iyakar da ba ya wucewa. Abin da ya haura sai ya share shi, kamar mai awon da ya sa hannu ya share tulin da ke kan tiya. Sai dai hatsin da ya zube ana tsince shi, kan sautin da aka share kuwa ya tafi ke nan. Yaro zai koma kwamfuta ya ja sandar ƙara ƙasa, yana tsammanin ya gyara, alhali yagaggen sautin nan ne ya rage wa ƙarfi kawai. Ɓarnar ta auku tun a ƙofa.

To, a ƙofar ake tare ta. A jikin katin sauti da yawa, da wasu makirfo, akwai ɗan maɓalli da aka rubuta PAD a kansa, ko 10, ko 20 da alamar ɗebewa a gaba. Babu wani sihiri a cikinsa, ƴan rezistans ne da ke raba wutar kafin ta isa amfili. Na 20 yana mayar da ita kashi ɗaya cikin goma, bolt 2 ɗin ɗazu ya koma milibolt 200, abin murɗawa ya sami wurin motsi. Sai dai a lura, ƙofofin biyu ne. Makirfo mai cin bolt 48 yana da nasa ƙaramin amfili a cikinsa, shi ma yana iya cika. In ka danna maɓallin katin sauti, jar fitila ta daina kamawa, amma har yanzu kana jin yagewa, to cikin makirfon ne abin ke faruwa, nasa maɓallin za ka tura. In kayanka ba su da ko ɗaya, akwai wanda ake jonawa a tsakiyar waya, kuma mai gyaran rediyon da ya san hannunsa yana iya haɗa shi da rezistans uku. Ko kuma a ɗauko makirfo marar cin wuta irin Shure SM57, wanda tun 1965 ake kafa shi a gaban ganguna. Abin da yake bayarwa bai kai milibolt 2 ba a desibel 94. Mafi arha duka shi ne a ja makirfon baya, don duk lokacin da ka ninka tazara, matsin ya ragu da kusan rabi. Kalangu ma ya fi son haka, tunda fata biyu gare shi, kuma yana yawo a hammatar mai shi. Kamu ɗaya ko biyu ya fi masa kyau da a manna masa makirfo, in dai an rataya bargo ko katifa a bangon siminti.

Maɓallin ba na kullum ba ne. Wanda ya bar shi a danne ya zo ɗaukar gurmi ko muryar mace, zai murɗe amfili har ƙarshe, ya cika waƙar da shuuu kamar ana ruwa a kan kwano.

Akwai kuma halin makaɗa, wanda littafi ba ya faɗa. In ka ce su gwada, a hankali suke taɓawa. Sai mawaƙi ya shiga kirari, jini ya hau, sannan hannu ke sauka da gaske. Don haka a roƙe su su buga mafi ƙarfin abin da za su buga, a saita ta yadda ko wannan bugun zai tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifiri a ma'aunin kwamfuta. Yaranmu na tsoron ɗauka a ƙasa, su ga zanen sautin siriri su ce bai yi ƙarfi ba. Tsoron nan gadon zamanin kaset ne, lokacin da shuuu ke cinye duk abin da bai yi ƙara ba. Katin sauti mai bit 24 yana da fili har desibel 144 a lissafi. Ƙara ana iya ƙara ta daga baya.

Wani zai ce ai kiɗanmu na son ziza, gangar ma igiya ake ɗaura mata a kan fata don ta yi ziza. Gaskiya ne. Amma wannan zizar makaɗi ne ya zaɓe ta, tana bin hannunsa, tana tashi tana sauka. Ta amfili kuwa iri ɗaya ce a kan kowane bugu, tana mayar da ganga da kotso da jauje abu guda. A kan kalangu asarar ta fi muni, domin kalangu magana yake yi. Mai shi na matse tsarkiya yana sassautawa, yana bin hawa da saukar muryar Bahaushe, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya gane. Saukar sanda a kan fata da lanƙwasar da ke biye mata su ne baƙi da wasalin wannan magana. In aka share su, me jikokinmu za su ji?

Manyan makaɗan suna ta tafiya. Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma abin da ke yawo a wayoyinmu na irinsu, da yawa kaset ne da aka kwafa daga kaset. Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin gurmi da biram su fito da sunansa, ya rasu a 2018. Faifansa na 2009 tare da makaɗinsa Umaru Adamu ya isa misali ga duk mai cewa gangunanmu ba sa ɗaukuwa. A yau ma akwai tsofaffi a fadoji da ƙauyuka da ke riƙe da take-taken da ba kowa ya sani ba. Injiniya daga Faransa ba zai zo masu ba. In za a ɗauke su, yaron unguwa ne mai katin sauti da kwamfuta zai ɗauke su, kuma wataƙila sau ɗaya tak zai sami zama da su.

Nan ne nake ganin namu aikin, malamai ƴan'uwana. Muna karantar da dokar Ohm a kwaleji, muna karantar da logaritim a tarminal, kuma kowace shekara sai an sami ɗalibin da ya ɗaga hannu ya ce, mushe, wannan mene ne amfaninsa? Duk lissafin da na yi a sama bai wuce waɗannan biyun ba. Desibel logaritim ne, maɓallin ragi kuwa raba wuta ne da rezistans. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tana Yamai tun 1989, amma yaron Tasawa ko Madawa ko Mirya ba lalle ya taɓa taka ƙofarta ba. Ajinmu kuwa kullum yana cikinsa. Awa ɗaya ta isa: a gayyato mai kalangu, a aro katin sauti, a sa kwamfuta a gaban allo da Audacity, wanda kyauta ake samunsa. A ɗauki bugu ɗaya sau biyu, da maɓalli da babu, yara su ga zanen da aka share wa kai da idonsu, sannan su lissafa dalili.

Na san akwai iyayen da ba sa son ɗansu ya raɓi kiɗa ko kaɗan, kuma ba zan ja da su ba. Sai dai su sani ilimin nan ɗaya ne da na lasifikar masallacin da ke tsatsage muryar liman, da na gidan rediyo, da na taron biki. Waɗanda kuma suka riga suka yarda, har yaro ya zo yana neman jikkuna don sayen sabon makirfo, su tambaye shi tukuna ko ya san aikin kowane maɓalli a kan wanda ke hannunsa. In bai sani ba, kuɗin sun fi amfani a hannun wanda zai koya masa.

Su kuma tambaye shi kunnensa. Maɓallin ragi amfili yake karewa, shi kaɗai. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi a Amurka ya sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya rage minti 15 kacal. Ɗaki mai kamu goma, ƙofa a rufe, ganguna uku na tashi, ga abin saurare a kunne an murɗe shi don ya fi su ƙara: in yaro ya dawo gida da dare yana cewa kunnensa na kuka, a saya masa matoshin kunne a farmasi, a kuma ce ya riƙa zama a wajen ɗakin da ake bugun.